Sanƙarau Da Allura Mai Tare Ƙofa Biyar

Ya ku malamai da fatake na Gangara da Jibiya, ku sani sanƙarau ba ya tsayawa a bakin iyaka. Da bazara yakan bi matafiya har Maraɗi ya komo.

Ƙwayar cutar nan iri-iri ce, kowace da rigarta. Allurar rigakafi takan nuna wa dakarun jini rigar, su riƙe ta kamar yadda almajiri ke riƙe hadda. Ran da mai rigar ya shigo sai su far masa, amma mai wata riga yakan wuce. Don haka allurar da aka soma a Nijar a 2010 ta karya irin da ake kira A, sai ga C ya yi ɓarna a Zamfara da Katsina a 2017.

A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa yin allura guda mai tare iri biyar. Wadda za ta game duka kuwa, masana na nemanta tukuna.

To, in masu allura sun zo, a fito da almajirai duka, gama cunkoson makwanci ke yaɗa cutar. Allah ya kiyashe mu, amin. Wasalam.