Gidajen ƴan mishan masu farar riga

A shekara ta 1868, Charles Lavigerie, babban limamin Katolika na birnin Alje, ya kafa wata ƙungiyar ƴan mishan. Da Faransanci ana ce musu « Pères Blancs », don suna sa farar riga da alkyabba irin ta Larabawa.

A da, babban gidansu yana Maison-Carrée, kusa da Alje. Yanzu yana Roma. Sun buɗe gida a Segu a 1895, a Kupela a 1900, a Wagadugu a 1901.

Dokarsu ta ce a kowane gida su zauna aƙalla mutum uku. Me ya sa? In zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, sauran su yi jinyarsa. In ɗaya ya tafi ƙauye, biyu su tsare gida. Kuma baƙon da ke zaune shi kaɗai yakan karaya.

Kowa da ɗakin kwanansa, amma tare suke addu'a, tare suke cin abinci. Suna koyon harshen mutanen gari. Sau da yawa akwai lakwal da ɗakin magani kusa da gidan.