Yadda Ake Gyara Ƙasar Lambu Da Takin Gida

'Yan'uwa manoma, takin zamani ya yi tsada. Amma akwai takin da ba a saye, yana nan a turke da akurki da juji. Shi ne ke gyara ƙasa. Idan ƙasarka jigawa ce, zai sa ta riƙe ruwa. Idan laka ce, zai sassauta ta, saiwa ta samu iska.

Masu noman furen wardi a Jos sun san haka. Wardi fure ne mai kuɗi, amma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Tumatir da tattasai ma haka suke.

Ga yadda ake haɗa takin. Haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamu 2. Fara shimfiɗa yankakken kara. Zuba busassun ganyaye da ɗanyar ciyawa a kai. Sai kashin shanu ko na awaki, sannan ƙasa kaɗan. Yayyafa ruwa, ka sake jerawa haka har ramin ya cika. Ya jiƙa kawai, kada ya yi caɓi.

Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 4 ko 5 ka zaro ta. In ka ji ta da zafi, taki ya fara nuna. Riƙa juya shi duk bayan sati 3. Cikin wata 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Gaggawa kan sa su zuba ɗanyen kashi a gindin shuka. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, musamman na kaji, don ya fi sauran ƙarfi. Mutum ya wayi gari ganye ya yi yaushi, ya ɗauka cuta ce, ya je ya sayi magani a banza. Toka ma a sa kaɗan, domin wardi ba ya son ta da yawa. In daga juji ka kwaso, tsince leda da kwalba da tsohon batir.

Wajen dasa wardi, haƙa rami kamu 1 zurfi, kamu 1 faɗi. Gauraya kwano 1 na taki da kwano 2 na ƙasar sama, ka cika ramin. Bayan dashe, rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima. Amma kada ciyawar ta taɓa jikin shukar, saboda gara.