Hujja da Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Miƙa Wanda Ya Tsere

Idan wanda ake tuhuma ya tsallake zuwa wata ƙasa, ba a tasa ƙeyarsa gida sai kotun ƙasar da ya fake ta amince, in dai bai yarda ya koma da kansa ba. Wannan kotu ba ta neman sanin ko ya aikata ko bai aikata ba. Wancan aikin kotun da ke jiransa ne. Alƙali yakan duba ko mutumin da aka gurfanar shi ne ake nema, ko abin da ake zarginsa da shi laifi ne a ƙasashen biyu, sannan ko hujjar ta isa a ce ya je ya kare kansa.

Ma'aunin hujja a nan bai kai na yanke hukunci ba, inda sai an kawar da duk wani kokwanto mai tushe. Kuma ba kowace ƙasa ake auna wa da mudu ɗaya ba. A ƙarƙashin dokar Birtaniya ta 2003, Indiya sai ta kawo shaidar da za ta tilasta wa mutum kare kansa da a ce a Ingila aka yi laifin, kamar yadda ta yi a kan dillalin lu'ulu'u Nirav Modi. Amurka kuwa an sauke mata wannan nauyi: bayani kawai take bayarwa, wanda ya isa ya sa a zargi mutum. Rangwamen ya sha suka a majalisar Birtaniya.

Da yake hujjar ba ta da wuyar cikawa, ainihin fafatawar takan koma kan abin da zai sami mutum idan an miƙa shi, kuma a nan ɗaukaka ƙara take da ƙarfi. A Ingila ana farawa a kotun majistare ta Westminster, daga nan sai Babbar Kotu, amma da izininta. A Janairun 2021 alƙaliya ta hana miƙa Julian Assange, wanda Amurka ke nema a lokacin kan fallasa bayanan sirri, saboda fargabar zai kashe kansa a kurkukun Amurka. Amurka ta ɗaukaka ƙara, ta ba da tabbaci kan yadda za a tsare shi, Babbar Kotu ta soke hukuncin a Disamba. Tun a 1989 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta hana Birtaniya miƙa Jens Soering, wanda ake zargi da kisan kai, ga Amurka muddin zaman jiran kisa ne a gabansa.

A Amurka ba a ɗaukaka ƙara kai tsaye. Sai dai mutum ya shigar da sabuwar ƙara yana ƙalubalantar tsare shi. A Nijeriya kuwa, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta kori buƙatar miƙa jami'in ɗan sanda Abba Kyari ga Amurka a 2022, saboda yana da shari'ar da ba a gama ba a gida.