Kafin a Ƙara Kicin na Biyu a Gida

Idan maigida ya tashi ƙara aure, ko aka yanka wa ɗa sashe a gidan gado, tambayar da ke biyo bayan ɗaki ita ce: a ina amarya za ta riƙa girki? Kowa ya san zaman lafiyar gidaje da yawa ya rataya ne a kan kowace mace da madafinta. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke samar da madafin. Ana saura mako biyu biki sai a kira birkila, a nuna masa wani lungu ko ƙarƙashin matakalar bene, ya jera bulo, ya kafa ƙofa, a ce an gama.

Na shiga irin wannan kicin a gidan wani ɗan'uwana. In ka miƙa hannuwa za ka taɓa bangon nan da wancan. Babu taga. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana manne da murhu, ga kurfoti a gefe saboda ranar da gas zai ƙare. Cikin wata uku bangon ya yi baƙi ƙirin, amarya kuwa kullum cikin ciwon kai da jiri, mutanen gida suna ta neman dalili a wani wajen.

Mutane da yawa sun ɗauka izinin gini na mai sabon fili ne kaɗai. Ba haka ba ne. Dokar tsara birane ta Najeriya ta 1992 ta shafi ƙari da manyan sauye-sauye a ginin da yake tsaye. A Kano hukumar KNUPDA ake kai wa zanen, a Kaduna kuma KASUPDA. Za su nemi takardar mallakar fili da zanen da ƙwararre ya sa wa hannu, su duba ko ƙarin ya ci hanya, ko ya hau kwata, ko ya toshe wa maƙwabci iska. Wanda ya tsallake wannan yana iya wayar gari ya tarar da jan fenti a bangonsa. Ɗan haya kuwa sai ya fara samun amincewar mai gida, kuma a rubuce.

Amma ko hukuma ba ta taɓa leƙowa ba, batun iska ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru yana jiran ƙyastin ashana ko danna makunnin lantarki. Shi ya sa taga ta sama kaɗai ba ta isa ba, sai an bar kafa a ƙasan bango ko ƙasan ƙofa. Mafi alheri a gina wa tukunyar ɗan keji a waje, cikin inuwa, tana tsaye, a ratso da bututu. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai matsala. Gawayi kuma a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri ne farkon alamarta, kuma tana kisa cikin barci. Don Allah kada ƙofar kicin ta buɗe cikin ɗakin kwana, musamman da hunturu da ake rufe ko'ina ruf.

Sai jikin ginin. Kada a bari birkila ya fasa bango ko ya sare ginshiƙi sai injiniya ya gani, domin wani bangon shi ke ɗauke da benen. Ruwan wanke-wanke a haɗa shi da sokawe, ba a sako shi lungu ya zama rigima da maƙwabta ba. Wutar hita da murhun lantarki kuma a ja mata layinta daban daga akwatin wuta, da waya mai kauri, kada a jona ta da soket ɗin ɗaki.

A gidan ɗan'uwan nawa sai da aka fasa taga, aka fitar da tukunyar gas da kurfotin tsakar gida. Aikin yini biyu ne, kuma kuɗinsa bai kai na akwati ɗaya na lefe ba.