Tsara Rubutun Manhajar Waya: Inda Riba Ko Asarar Kamfani Take

Duk kamfanin da ke son abokan cinikinsa su same shi ta wayar salula, tilas ne ya fuskanci kasuwanni biyu, wato masu wayoyin Android da masu iPhone. A da, kowane ɓangare sai an rubuta masa manhajarsa daban da ma'aikata daban, abin da ke ƙara tsadar aiki ƙwarai. Don rage wannan nauyi ne kamfanin Facebook ya fitar da React Native a 2015, Google kuma ya fito da cikakken Flutter a 2018, waɗanda ke ba da damar rubutu ɗaya ya yi aiki a wayoyin biyu.

Sai dai kayan aiki kaɗai ba ya kawo rangwame. Kamfanin Airbnb na Amurka ya rungumi React Native a 2016, amma ya janye a 2018, bayan ya tarar yana ɗawainiya da rubutu kashi uku maimakon biyu, saboda an ɗora sabon ne a kan tsofaffin manhajojinsa. Shi kuwa Shopify na Kanada, a 2020 ya sanar da komawa ga wannan hanya.

Babban abin lura shi ne yadda aka tsara rubutun tun daga tushe. Tsari mai inganci yakan raba shi gida uku: ƙa'idojin ciniki kamar lissafin farashi, haraji da ragi, fuskar da mai saye ke gani, sai kuma sashen da ke hulɗa da kyamara, sanarwa da sauran abubuwan da suka bambanta tsakanin wayoyin. In aka cakuɗa su, canjin farashi ɗaya kan jawo gyara a wurare da dama, kowane gyara kuwa kuɗi ne.

Har ila yau, kayan aikin kansu ba su dawwama. A watan Mayun 2024 Microsoft ya daina tallafa wa Xamarin, wanda kamfanoni da yawa suka dogara da shi. Wanda ya keɓe ƙa'idojin cinikinsa wuri guda, sauya sheƙa ya fi zo masa da sauƙi.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya sa hannu a kwangila, wajibi ne ya tabbatar an ajiye rubutun da sunan kamfaninsa, tare da bayanin tsarinsa a rubuce, domin ranar da mai rubutun ya ajiye aiki kada jarin ya tafi tare da shi.