Gidauniyar Unguwa Domin Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban abin da ke jawo ta. Wanda Allah Ya yi wa sauran kwana yakan fito daga asibiti da hannu da ƙafa marasa ƙarfi, wani ma harshensa ya yi nauyi. A nan ne jama'a suka fi yin kuskure, domin da zarar an sallamo majinyaci sai 'yan dubiya su ɗauke ƙafa, a ɗauka an gama. Alhali kuwa a lokacin ne aikin farfaɗo da gaɓoɓi yake farawa.

Wannan aiki shi ne mutane ke kira gashi, ko da yake sunan yana ruɗarwa. Abin da ma'aikacin gashi yake yi shi ne koya wa jiki zama da tsayuwa da tafiya da riƙe cokali, ta hanyar maimaitawa kullum. Kada sunan ya sa a riƙa gasa majinyaci da ruwan zafi a gida, gama ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, sai fata ta ƙone ba a sani ba. Masana sun tabbatar cewa sauƙi ya fi samuwa cikin watanni uku zuwa shida na farko. In aka bar mutum a kwance ana jiran kuɗi, gaɓoɓi sukan ƙage, baya kuma ya yi gyambo.

Saboda haka lalle ne taimakon jama'a ya zo da wuri, kuma ya ɗore. Taron ƙaddamar da gidauniya na yini guda, inda masu hali ke faɗin alkawari a gaban lasifika, yana da nasa amfani, amma kuɗin jinyar nan ba a biyansa sau ɗaya. Akwai kuɗin ganin ma'aikacin gashi mako-mako, da na mota zuwa asibiti, da maganin hawan jini wanda ba a fasawa, da sanda ko keken guragu. Ga kuma mai jinya, yawanci matar gida ko 'ya, wadda ta ajiye sana'arta. Abin da ya fi dacewa shi ne tsari irin na adashi, watau kowane gida ya ɗauki abin da zai iya zubawa duk wata, komai ƙanƙantarsa.

Kafin a nemi ko kwabo, a fara neman yardar majinyaci da iyalinsa. Mutumin da jiya yake ciyar da gidansa ba zai so a yi yawo da hotonsa a kasuwa ko a wayoyin mutane ba, kuma yana da haƙƙin a rufa masa asiri. Sa'an nan a je asibiti a karɓo ƙiyasin kuɗi a rubuce. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin jama'a, wanda ke duba halin marasa ƙarfi. A fara da shi. Har ila yau a bincika ko majinyacin yana cikin inshorar lafiya, domin dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusu na musamman saboda masu rauni.

Kwamiti ba ya bukatar yawa. Shugaba da magatakarda da ma'aji sun isa, tare da mutum ɗaya daga iyalin, a ƙarƙashin idon mai unguwa, ko Sarkin Hausawa ga mazauna wurare irin su Sabo ta Ibadan da Agege. A buɗe asusu a banki wanda sai da sa hannun mutum biyu za a fitar da kuɗi. Kada a yarda a zuba a asusun wani mutum shi kaɗai, ko da kuwa amintacce ne, gama zato ma kan kashe gidauniya. A biya asibiti kai tsaye, a adana rasiɗi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Mai son ba da zakkarsa ya nemi fatawar malamai, majami'u kuma suna da nasu baikon na taimakon mabukata.

Wanda ba shi da kuɗi ma yana da abin bayarwa. Mai mota ya ɗauki nauyin kai majinyaci asibiti ranar Talata, kafinta ya kafa masa katakon dafawa a tsakar gida, maƙwabciya ta karɓi mai jinya na yini ɗaya ta samu ta huta.

Game da inda za a kai kuɗin, a yi hattara da masu cewa za su miƙar da mutum cikin kwana bakwai. Tun 1988 aka kafa hukumar tarayya mai yi wa ma'aikatan gashi rajista, kuma iyali suna da ikon tambayar shaidar wanda zai taɓa majinyacinsu. Akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu, haka kuma a asibitocin koyarwa na jami'o'i. Idan gari ya yi nisa da waɗannan, kwamiti ya biya wa mutum ɗaya daga iyalin kuɗin mota ya riƙa raka majinyaci, a koya masa motsin da zai riƙa yi masa a gida safe da yamma, a kuma rubuto ranar da za a koma.