KIFI MAI TAFIYA NESA

Jama'a, kun san Janfalan ba bakin teku take ba, kuma ba mu da wani babban kogi kusa. Duk da haka, in mutum ya shiga kasuwar Maƙarfi ko ta Ikara, ba ya rasa kifi. Ga banda baƙi wuluk a tire, ga kuma kifin gwangwani a tebur. To, kifi kuwa ba ya kwana ɗanye. In an kama shi da safe ba a gyara ba, kafin magariba ya fara wari. Yaya aka yi ke nan ya iso mana daga nesa bai ruɓe ba?

Dabara biyu ce. Ta fari tamu ce tun kaka da kakanni, watau banda. Masunta sukan yanka kifi gunduwa gunduwa, su shanya ya sha iska, sa'an nan su ɗora bisa wuta mai hayaƙi har ya bushe. Bandar da ta fi suna a ƙasar nan ita ce ta Tafkin Chadi. Daga Baga ake loda ta a mota zuwa Maiduguri, daga nan ta watsu Kano da Zariya, har Anacha da Ikko. Hausawa da yawa, daga Haɗeja da Sakkwato da Kabi, sun tafi can su ko fatauci, wasu ba su komo ba sai da furfura.

Dabara ta biyu ta Turawa ce. A shekarar 1810 wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya bayyana wa mutane cewa in aka zuba abinci a kwalba aka toshe bakinta sosai, aka dafa ta cikin tafasasshen ruwa, abincin zai daɗe bai lalace ba. Shi kansa bai san dalili ba. Daga baya aka gane zafi ne ke kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, toshiyar kuma ta hana wasu shiga. A shekarar kuma aka fara maganar yin haka da gwangwani a Ingila, don kwalba tana fashewa a hanya.

Yanzu bari mu ga abin da gwangwani ya yi wa wani kogi. A yammacin Amurka akwai wani babban kogi ana ce da shi Kolambiya. Yana gangarawa ne ya faɗa cikin teku. A cikinsa akwai wani kifi mai jan tsoka da Turawa ke kira salmon. Halinsa abin mamaki ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, sa'an nan ya gangara teku ya yi shekaru yana girma. In lokacin ƙwai ya yi, sai ya juyo ya bi kogin sama, yana tsallake duwatsu, har ya kai rafin da aka ƙyanƙyashe shi. Nan zai zuba ƙwai, kana ya mutu.

Mutanen ƙasar na asali sun daɗe ƙwarai suna kama shi. Su ma shanyawa suke yi, su yi banda kamar mu, su ci, su yi musaya da maƙwabta. Kifin bai ƙare ba, don ba su kama fiye da abin da za su iya busarwa.

A 1866 wasu 'yan'uwa masu suna Hume da abokin cinikinsu suka kafa gidan zuba kifi a gwangwani a bakin kogin nan. Shekarar fari sun cika akwati 4,000, kowane akwati gwangwani 48. Kaya ya karɓu har Ingila, don ga shi da araha, ga shi ba ya lalacewa. Da ganin riba sai kowa ya shigo. Kafin 1883 gidajen sun kai 39, kuma a wannan shekara kaɗai an cika akwati sama da 600,000. Yawancin masu fiɗa da masu liƙe gwangwani mutanen Sin ne da aka ɗauko ƙodago, suna yini tsaye cikin ƙarni.

Ku lura da abin da ya canja. Da, mai banda in rumfarsa ta cika sai ya naɗe taru. Gwangwani kuwa ba ya cika, gama bayansa akwai kasuwar duniya duka. Aka shimfiɗa taruna a bakin kogi, aka kafa tarkuna, har da wani babban keke da ruwa ke juyawa yana kwasar kifi dare da rana. Kifin da ake kamawa kuwa shi ne mai ƙwai a ciki, yana kan hanyarsa ta zuwa zubawa. Wanda ya cinye iri, me zai shuka da damina?

Sannu a hankali manyan suka yi wuya, aka koma kan ƙanana. Hukuma ta hana keken nan, amma an makara. Sa'an nan aka zo aka datse kogin don samun lantarki. Wata madatsa mai suna Grand Coulee, wadda aka gama wajen 1942, ba a bar wa kifi hanyar hawa ba ko kaɗan, duk wanda rafinsa ke bayanta ya ɓace. Gidajen gwangwani suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1980 babban da ya rage a garin Astoriya, kusa da bakin teku, shi ma ya rufe.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu. Mu ma mun ga irinsa. Da aka sami mota da hanya, da tarun leda wanda ba ya ruɓewa kamar na zare, sai su a Tafkin Chadi ya zama babban ciniki. Ana cikin haka fari ya zo a 1973, wani kuma a 1984, tafkin ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na 1963 ba. Yakan ƙaru wasu shekaru, amma bai koma kamar da ba. Giwan ruwa ya yi wuya, tarwaɗa da karfasa suka fi yawa, don su ne masu jure tabo. A 2015 kuma 'yan Boko Haram suka auka wa Baga, fataucin banda ya tsaya cik na wani lokaci. Matan da ke cefane sun ji wannan a hannunsu, ko ba su san inda Baga take ba.

Amma fa kakanninmu ba su rasa wayo ba. A Argungu akwai wani gurbi a kogi ana ce masa Matan Fada. Sarkin Ruwa ke tsaronsa, ba mai jefa koma a ciki sai ranar da aka buɗe. Bikin da ake yi tun 1934 ya yi suna ne saboda manyan kifaye, kifayen kuwa sun girma ne saboda an ƙyale su.

Mu nan ba mu da giwan ruwa, sai rafuka da kududdufai da 'yan madatsu. Amma ɓarnar da ake yi musu ba ƙarama ba ce. Wani ya kwance gidan sauro ya mai da shi taru, ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Wani ya zuba maganin ƙwari na gona a gurbi da rani, kifi ya taso duka, babba da yaro. Ruwan nan kuwa shi shanu ke sha, a ciki yara ke wanka, kifin kuma tukunyar wani zai shiga. A ganina wannan ba su ba ne, ta'adi ne.

Doka ta san da haka. Dokar su ta Tarayya ta 1992 ta hana kama kifi da guba, ko nakiya, ko lantarki. Ta kuma hana taru mai ƙananan idanu. Idon taru, in an miƙe shi, kada ya gaza inci uku. In ba ka da abin awo, jera yatsunka huɗu ka zura a ciki, kusan faɗinsu ke nan.